Kurmar Kaka da Agwagwar Nasiru

Matso kusa, 'yar'uwa, kai ma ɗan'uwa jawo tabarmarka, in ba ku labarin yadda ni da furfurata na yi fushi da agwagwar roba. Ku riƙe dariyarku tukuna. Sai na fara kai ku garinmu Tibiri, don daga can zancen ya taso.

Ban daɗe a lakkol ba, wato makarantar boko, abin da Allah ya ba ni kunne ne. In na ji magana sau ɗaya ta zauna ke nan. Kuma kunnen nan a ɗakin Kaka Hajo, uwar babanmu, ya buɗe. Lokacin sanyi, in an ci tuwo an yi isha'i, sai ta hura wuta a bakin ƙofarta da kara da ɓawon gyaɗa, ta tura dankali cikin toka, ta jawo kwandon audugarta da mazari. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya ƙudundune cikin zanensa. Kuɗin shiga kara guda ne. Wanda ya zo hannu biyu sai ta harare shi ta ce, "Kai kuma da kunne guda za ka saurara." Yayana Hamisu kullum shi ne mai kunne guda.

Ba ta fara gatana sai mazari ya fara juyawa. Ta dangwali alli, ta murza, ta ɗaga hannu sama zare na bin ta, sannan ta ce, "To, ga ta ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta zauna nan kusa da ni!" Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa a wuta sai in ji ƙarar mazarin nan a cikin tasa.

Gatanarta da yawa, masu kura da masu waƙa da masu sa mu kasa fita fitsari. Amma akwai wata da ba mu so, ita kuwa ba ta gajiya da ita. Ta wata yarinya ce mai suna Ladi, wadda duk garinsu babu mai kaɗi irin nata, masaƙa har rigima suke yi a kan zarenta. Wata damina sai zaren ya fara tsinkewa. Ta murza, ya tsinke. Ta ƙulla, ya tsinke. Ta sake mazari, ta sake alli, ta je wurin boka ya ce baki ne, ta sha rubutu ta yi hayaƙi, duk a banza. Kunya ta hana ta gaya wa kowa, kada a ce hannun Ladi ya mutu. Ta daina fita, ta daina hira, uwarta ta kai mata fura ta dawo da ita yadda ta kai.

Ran nan sai ta fita bayan gari don ta yi kukanta inda ba mai gani. Ta tarar da wata tsohuwa gindin gawo tana tsinkar zogale. Tsohuwar ta dube ta, ta matsa mata gefen tabarma, ta ce, "To, sai mi?"

Ladi ta zauna ta fara. Ta ce da asuba nakan tashi in share ɗaki. Tsohuwa ta ce, to, sai mi? Ta ce in ɗauko magurji in fidda gurya daga auduga. To, sai mi? In yi shiɓa. To, sai mi? Ta ce ai kafin nan ma sai na ɗebo audugar daga bayan randa, don tun da ɗakin ajiya ya fara yoyo can na mayar da kwandon.

A nan Kaka takan tsayar da mazari, ta zaro ido kamar ita ce Ladi. "Bayan randa! Laima!" Yarinya ta miƙe da gudu, ta shanya audugarta a rana, zare ya dawo yadda yake. Ta cika ƙwarya da goro ta koma godiya. Sai jikar tsohuwar ta ce mata, "Wa kike wa godiya? Ai kakata kurma ce. Tun kafin a haife ni ba ta jin ko tsawa. Maganar nan guda ita ta rage mata."

Hamisu ba ya haƙura. "Kaka, wannan ai cuta ce! Tsohuwar ba ta yi komi ba ta ci goron mutane."

"Kai maigida, rufe mani baki," in ji Kaka. "Ta tashi ta bar ta? Ta katse ta? Zaman nan da ta yi, kai gwada ka gani in da sauƙi. Kai da ko gatana guda ba ka bari in ƙare."

Sai mu fashe da dariya, ta tono dankali ta rarraba, ta ba Hamisu mafi ƙonewa. Ni dai a raina ina bayan Hamisu. Gatanar da babu kura, babu waƙa, babu wanda aka cinye, ina daɗinta?

Shekaru suka tafi. Kaka ta rasu, Hamisu ya koma Jiratawa ya kama noman rani, ni aka kawo ni Maradi gidan Malam Isufu, tela a Sabon Gari. Daga baya muka gina a unguwar Zariya, nan nake har yau, kuma in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba, da wuya ku gan ni a waje. Autana Nasiru, shi ina iya faɗin sunansa tunda ba ɗan fari ba ne, Allah ya ba shi kan karatu. Da rana yana kula da na'urorin wani alhaji ɗan kasuwa. In ya dawo gida kuma sai ya buɗe ordinater ɗinsa, kwamfuta ke nan, ya shiga abin da yake so, wanda ba mai biyansa ko dala. Rubutu yake yi wa na'urar layi bayan layi, yana gaya mata yi kaza, in kin ga kaza ki yi kaza. Porogaram yake ce masu.

Ya yi wani da ke sa waya ta yi cara in lokacin ba tantabarunsa ruwa ya yi. Ya yi wa kawunsa Hamisu wani da ke tuna mashi ranar da layin ban ruwa ya zo kan fangalin gonarsa, Hamisu ya ce wayar ta fi matarsa mita. Ni kuma ya yi mani wanda in na buɗe sai in ga fuskokin ɗiyana manya-manya, in danna hancin wanda nake so ya kira shi, ba sai na nemi mai karanta mani suna ba. Kowanne ya gama sai ya biyo ni madafa yana nuna mani, yana surutu kamar ni.

Babansa mutumin dara ne. Bayan la'asar in ya rufe keke, yana ƙofar shago shi da abokansa, an tona ramuka a ƙasa, wannan da tsinke wancan da ƙwallon dabino, ana ta gardama. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, abin da ya fi damunsa ke nan. Sai Nasiru ya ce, "Baba, zan sa maka dara cikin waya, ka yi da ita kana kwance." Malam ya yi dariya ya ce, "In ta cinye ni sai in jefa ta rijiya." Suka yi ta zama tare, uban na faɗa mashi ƙa'ida, ɗan na rubutawa. Ba a gama ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki kowa ya watse, sai gidan ya rage ni da Nasiru, kuma Nasirun ba shi ba ne. Ya dawo aiki, "Sannu da gida, Inna," ya shige ɗaki. In kai tuwo in dawo da shi an ɗan taɓa gefe. Tantabaru ma ni na koma ba su ruwa. Na rasa miji, ga shi ina kallon ɗa yana tafiya alhali yana cikin gida, kuma ban san ta inda zan kamo shi ba.

Wata Lahadi da hantsi ina shara kusa da tagarsa sai na ji magana ƙasa-ƙasa. Na ce alhamdulillahi, ya yi baƙo. Na leƙa. Ba kowa. Yana zaune gaban ordinater, ga wata 'yar agwagwar roba ruwan ɗorawa, irin ta wasan yara, ya ajiye ta gabansa yana yi mata bayani har da nuni da yatsa. Na ce shi ke nan, iska ta taɓa mani yaro. Na yar da tsintsiya na faɗa ɗakin ko sallama babu.

"Nasiru, da wa kake magana?"

Ya ji kunya, ya sosa ƙeya. "Inna, ba abin da kike zato ba ne. Dabara ce ta masu irin aikinmu. In aiki ya cije, sai ka samu wani abu ka bayyana mashi tun daga farko, layi-layi, kamar kana koya wa yaro. Wani lokaci cikin faɗin sai ka ji inda ka kauce."

"Darar babanka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wasan na tafiya lafiya, sai can tsakiya wayar ta sandare, ta yi zafi, ba gaba ba baya. Ya daɗe yana nema bai gano ba.

Tsoro ya sake ni, sai fushi ya maye gurbinsa. Na ce, "Yanzu duk gidan nan ka rasa wanda za ka gaya wa sai roba?"

"Inna, ai ba za ki gane ba."

"Ita agwagwar ta gane?"

Ni kuwa ina tsaye sai na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa, wallahi kamar a ɗakin aka hura. Na zauna bakin gadonsa na ba shi gatanar Ladi, da rana tsaka, abin da Kaka ta ce in an yi uwar mutum kan ɓata a kasuwa. Na ce tunda ba ni zuwa kasuwa ba komi. Da na gama na ce, "Ni ma a wannan aikin naka kurma ce. Amma ina da tabarma." Na tashi na fita.

Bai biyo ni ba ranar. Washegari da la'asar ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa sai ga shi da ordinater a hannu. Na matsa mashi gefen tabarma. Ya yi gyaran murya ya fara. Wai da farko kowa na dasa 'ya'yansa cikin ramuka. Na ce, "To, sai mi?" Ya dube ni ya ɗan murmusa, ya ci gaba. Wai in an gama dasa sai a fara matsawa. To, sai mi? Rabin maganar da Faransanci yake yi, ban tsinci komi ba, kuma sau da yawa bakina ya yi ƙaiƙayi in ba shi labarin maƙwabciya da akuyarta, na danne. Nan na san Kaka ta yi gaskiya, zaman nan ba sauƙi.

"In layin na'urar ya zo," in ji shi, "sai ta bi 'ya'yanta ɗaya-ɗaya tana neman wanda ke da ramin matsawa. In ta samu ta matsa."

"To, sai mi?"

"In ba ta samu ba sai ta koma farko ta sake dubawa. In ba ta samu ba sai ta sake..." Ya dafe kai. "Inna lillahi. In an toshe ta ko'ina, ban gaya mata ta tsaya ba. Sai ta yi ta zagaye ita kaɗai har ta yi zafi."

Ya ƙara 'yan layuka da ba su kai tsawon yatsana ba. Ya gwada, wasan ya wuce wurin, ya kai ƙarshe. Na zaci zai yi tsalle kamar da. Sai ya rufe na'urar a hankali, ya ce, "Baba ya taɓa gaya mani wannan. Ya ce in an toshe ka, ka ɗaga kai ka faɗa, kada ka zauna kana kallon ƙasa. Ban rubuta ba, na ce sai gobe."

Sai na ce abin da na iya.

"To, sai mi?"

Ya yi magana har aka kira magariba. Ta asibiti, ta ranar da ya tafi aiki bai leƙa ɗakin uban ba don yana sauri, ta abubuwan da ya riƙe shi kaɗai tun ranar jana'iza. Ban ba shi shawara ko guda ba, ba ni da ita. Da ya dawo masallaci ya ce, "Inna, akwai sauran tuwo?" Ya cinye har da ƙanzo.

Yanzu darar na cikin wayar Hamisu, yana yi a bakin fangali yana zagin na'urar wai tana ha'inci. Da na tuna mashi da kurmar Kaka ya ce har gobe goron banza ta ci. Agwagwar kuma jikokina sun gaje ta, tana cikin bahon wanka. Nasiru ya fara wani sabon abu, na gane kukan tsuntsaye, in ya cije mashi sai in ji daga ɗaki, "Ina kurmata?" In ce, "Ga ta nan, kuma goronta ake bi."

Da ina yarinya na ɗauka gatanar ta Ladi ce da audugarta. Sai da na tsufa na gane ta tsohuwar ce. Ina jin Kaka ma, da take kaɗi tana kallonmu ta cikin hayaƙi, ta san wata rana ɗiyanmu za su yi nisan da ba za mu iya bin su da fahimta ba, shi ya sa take ta maimaita mana wadda ba mu so.

To ke 'yar'uwa, kai ɗan'uwa, a gidanku wa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa yana magana da roba, kuma yaushe rabonku da ku matsa mashi gefen tabarma?