Mai Rufe Ƙofar Ɗakin Gashi

A sashen ciwon daji na asibitin jami'a, can ƙasa inda rana ba ta leƙowa, ɗalibai suna kiranta Anti Ƙofa. Ni dai da muke aiki tare, sunan haushi yake ba ni, amma ba su yi ƙarya ba. Aikinta ke nan tun tana budurwa: ta kwantar da majinyaci a gadon injin gashi, mai ƙona ciwon da haske, ta ɗaure masa kai da ragar roba don kada ya motsa, ta fito, ta rufe ƙofar nan mai kauri. Doka ce, in injin yana aiki ba mai zama ciki sai mai ciwon. Ta lasifika take lallashinsu. Ba miji, ba ɗa. In ta tashi aiki, daga ita sai rediyonta.

Kwatsam aka kawo yayanta, wanda ya rene ta, da ciwon a maƙogwaro. Ya tsufa, kunne ya yi nauyi, lasifika ba ta da amfani a wurinsa. Ranar farko, yana jin ba kowa ya fara fizge-fizge, dole aka kashe injin. Likita ya ce in ba zai kwanta lamo ba, sai dai a haƙura da gashin.

Washegari ta sunkuya ta ɗaga murya a kunnensa: "Yaya, ina tsaye a bayan kanka. Ba inda za ni."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma kai a ɗaure, ina zai waiga? Ta sulale ta rufe ƙofa. Muna kallonsa daga waje a talabijin ɗin da ke nuna mana cikin ɗakin, ya kwanta luf kamar jariri. Haka aka yi ta yi, yana ta cika baki a ɗakin jinya wai ƙanwarsa ba ta taɓa barinsa shi kaɗai ba. A nan wani mai dogon baki ya gaya masa hasken injin yana illata mai lafiya.

Da safe ya kama hannunta. "Daga yau fita za ki riƙa yi."

"Yaya, ai ba komai."

"Ki fita na ce, ko na fasa maganin."

"To, Yaya."

Ya damƙe gefen gadon da hannu biyu, hawaye na bi ta ƙarƙashin ragar, amma bai motsa ba. Wallahi tausayinsu ya hana ni kallonta. Ita dai ta fita ne kamar kullum. Shi kuwa ranar ya fara kwanciya shi kaɗai.