Katin Gayyata na Uku

Ƙamshin sitaci da zafin dutsen guga ne suka fito da ni daga ɗaki jiya da hantsi. Na tarar da surukata a falo, ta shimfiɗa wata baƙar riga mai faɗin hannu a kan tebur, tana bin ta da dutse a hankali. Rigar jikanyata ce, wadda za ta saka gobe Asabar a bikin yaye ɗaliban makarantarsu ta sakandare a nan Dubai. Na lura an yi karin guga biyu a kafaɗa guda, amma na yi shiru, abin da ba halina ba. Dalilin shirun kuwa shi ne, makarantar ta ba kowane ɗalibi katin gayyata uku, babu ƙari. Ɗaya na uban, ɗaya na uwar. Na ukun kuwa har zuwa wannan lokaci babu wanda ya ce mini uffan a kansa, ni ma ban tambaya ba.

Mai karatu, ka yi mini haƙuri in koma da kai baya, domin ba za ka fahimci abin da ya sa tsoho kamata yake jiran kati kamar mai neman aiki ba, sai ka san inda aka ƙera shi.

A makarantar mishan ta kwana na yi karatu, a kan wani tudu mai jar ƙasa. Kowace Asabar mukan dama sitacin rogo da hannunmu, mu hura gawayi a dutsen guga, sa'an nan mu jeru a fili cikin fararen kaya. Baturen da ke shugabantar makarantar yakan bi layi da sanda a hammata. Ba duka yake yi da ita ba, nuni yake yi: maɓallin da ya yi sako-sako, farcen da ya yi tsawo, bayan kunnen da sabulu bai kai ba. Ban taɓa jin ya ce wa wani madalla ba. Idan ya wuce ka bai tsaya ba, to yabonka ke nan, sai ka riƙe shi har mako ya zagayo.

Da kaka, bayan an yanke gero, akan yi ranar rabon kyaututtuka. Al'adar makarantar ita ce, iyayen waɗanda suka zo na ɗaya kaɗai ake jera wa benci a ƙarƙashin rumfa. Sauran iyaye sai su tsaya a gindin ɗorawa, su hango daga nesa. A shekarata ta farko na zo na biyu. Mahaifina ya taso daga ƙauyenmu a kan keke tun da asuba, babbar rigarsa guda ɗaya tana naɗe a bayan sirdi don kada ta yi datti. Ya saka ta a bakin ƙofa, ya shigo, aka nuna masa gindin ɗorawa. Ya tsaya har aka tashi. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙulin da mahaifiyata ta aiko, ya tuɓe rigar yana naɗewa, ya ce, “Ran da suka tanadar mini benci, ka aiko. Kafin nan kada ka ƙara wahalar da ni.”

Na yi kuka a bayan ɗakin girki inda babu mai gani. Da shekara ta zagayo na zo na ɗaya, na aika masa, ya zo ya zauna. Tun daga ranar na yanke hukunci cewa haka ake rainon mutum, kuma da wannan hukunci na yi aikin malanta, na yi hedimasta, na yi sufeton makarantu har na ajiye aiki. Ban taɓa komawa na duba hukuncin ba, ni da nake duba aikin kowa.

Bayan rasuwar uwar 'ya'yana, ɗana na fari, wanda injiniya ne a nan, ya matsa sai na dawo wurinsa. Na zo na zauna a hawa na shida a wani bene a Al Qusais, inda ba ka jin carar zakara sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, kuma idan bazara ta shigo ko taga ba ka iya buɗewa. A shekarar ce jikanyata ta shiga sakandare. Yarinya ce mai baki a lokacin, mai yawan dariya. Duk da a nan ta girma, uwarta ta koya mata wasan jika da kaka, ta kuwa ɗauke shi da gaske.

Wata rana ta shigo ɗakina ko sallama ba ta gama ba, ta ce, “Angona, ranar Alhamis amaryarka za ta yi muhawara a makaranta. Ka fito da babbar rigar nan ta ƙasan akwati. Amma don Allah ban da wannan hular, ta girmi babana.”

Na ce, “A zagayen da ya wuce ta nawa kika zo?”

Ta ce, “Ta uku.”

Na ce, “To ran da za a kira ki a matsayin ta ɗaya, ki gaya mini, zan zo.”

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka nawa wasan ke nan. Sai da Alhamis ta zo, suka shirya, ta leƙo ta gan ni a zaune da jarida cikin kayan gida, sa'an nan ta gane.

Wadda ta je a madadina ƙanwar uwarta ce, wadda take kira Anti, wata 'yar kasuwa da ke zaune a Abu Hail, mai aika abaya da turare zuwa Kano. Mace ce mai ƙarar murya, tana cakuɗa Hausa da Larabcin kasuwa ta yadda kunnena ba ya so. Ta tsaya a ƙofar ɗakina ranar ta ce, “Baba Malam, yalla mu je mana! Yarinyar nan fa ba jarrabawar shiga aljanna za ta yi ba.” Na mai da idona kan jarida. Da suka dawo aka ba ni labari cewa da aka kira jikanyata ta uku, matar nan ta miƙe ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Indiyawa da Larabawa, har malamai suka waiwayo. Kunya ta kama ni kamar ina wurin.

Haka shekarun suka riƙa wucewa, ita tana gayyata, ni ina ƙi, kuma kullum ina da hujja mai kyau. Da azumin shekararta ta biyu, ajinsu suka haɗa abincin buɗa-baki za su kai wa leburori a unguwar Al Quoz. Ta zo ta ce, “Kaka, wannan babu na ɗaya babu na biyu. Kowa ɗauka yake ya miƙa. Ka zo ko mazubi ɗaya ka miƙa.” Na ce ba a gayyatar 'yan kallo wurin sadaka. Maganar gaskiya ce, ko yau zan iya maimaita ta a gaban kowane malami. Amma na san ba don gaskiyarta na faɗe ta ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta shekara ta uku, ranar da kowane ɗalibi yake nuna al'adun ƙasarsu. Ita da uwarta suka tashi tun da sassafe suna suyar masa, gidan duk ya ɗauki ƙamshin da na rabu da ji tun ina gida. Ta roƙe ni in je in yi wa 'yan ajinsu tatsuniya guda da Hausa, ita kuma ta fassara. Ta ce a duk ajin babu wanda kakansa yake zaune tare da su sai ita. Na ce ban yi shekaru ina koyarwa don a kafa ni a gaban yara kamar kayan gidan tarihi ba. Na ɗanɗana masar, na ce tsaminta ya yi yawa. Ya kuwa yi yawa.

Daga nan ba ta ƙara kira na ango ba. Ta koma Kaka, daga baya ta koma Malam. Ta daina shigowa da gudu, sai ta yi sallama ta jira a ba ta izini. Rubuce-rubucen da take kawo mini in bi da jan biro, su ma suka ɗauke. Na ga duk wannan, na ce a raina tarbiyya ta fara kama ta.

Jiya bayan la'asar ɗana ya kawo mini wasu takardu. Makarantar ta umarci kowane ɗalibi mai fita ya rubuta bayanin ayyukan da ya yi a shekaru huɗun nan, za a buga a littafin bikin. Ya ce, “Baba, ko za ka duba mata kafin ta miƙa?” Daga yadda ya rage murya na gane ba da saninta ya ɗauko ba. Na zare biro na fara karatu. Na ga muhawarar, na ga Al Quoz, na ga ranar masa, na ga dashen itatuwa a bakin teku da wasu abubuwa da ban ma san ta yi ba. A shafi na ƙarshe na ga ta rubuta cewa a lokacin sanyin da ya wuce ta zo ta ɗaya a gasar muhawara ta makarantu, kuma bayan mako guda aka kira ta a babban ɗakin taro aka ba ta kyauta. Sai na tuna ranar. Sun yi ado sun fita dukansu, suka ce mini za su makarantar yarinya, ni kuwa ban ɗaga kai daga jarida ba.

Na aika aka kira ta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

Na ce, “Abin da ke cikin takardar nan gaskiya ne?”

Ta ce, “Gaskiya ne, Malam.”

Na ce, “Na yi miki alkawari. Kin taɓa jin na saɓa alkawari?”

Ta ce, “A'a. Na san da na faɗa maka da ka zo.”

“To me ya hana ki?”

Ta sunkuyar da kai. Sa'an nan ta ce, “Ranakun da muryata take rawa, nake manta abin da zan faɗa, su ne nake duba kujeru ina neman wanda na sani. Ranar da na ci kuwa kowa ma yana tafa mini.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi rashin kunya ba, babu inda zan kama ta. Sai na yi abin da ban taɓa yi wa na ƙasa da ni ba, na tambayi abin da ba a ba ni ba. Na ce, “Katin nan na uku fa?”

Ta ce, “Na ba Anti tun makon jiya.”

Bayan magariba ɗana ya shigo ya ajiye nasa katin a kan teburina. Ya ce, “Baba, khalas, shi ke nan, ka karɓi nawa. Ni sai in jira ku a waje.” Na ce ya ɗauke abinsa. Shi ya je duk abin da aka gayyace shi, ba za a tashe shi saboda ni ba. Na kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya matsa wa yarinyar ta karɓo na innarta. Kujerar da aka ƙwato mini ba gayyata ba ce, kuma ban tsufa da rashin sanin bambancin ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na sauya ra'ayi a kan makarantun zamani ba. Har yanzu ina ganin sun mai da yabo kamar ruwan famfo, wanda ya zo na goma ma a ba shi takardar shaida, a ɗauke shi hoto. Rubutun hannun yaran ba ya karantuwa, gaisuwarsu a tsaye. A zamaninmu wanda bai iya ba yakan san bai iya ba, kuma wannan sanin ya yi wa da yawa daga cikinmu amfani. Duk wannan ina nan a kansa. Sai dai shekaru huɗu na yi a gida ɗaya da yarinyar nan, ɗakina yana kallon nata, kuma abin da na sani game da su a takarda na karanta shi, kamar yadda baƙo zai karanta a littafin biki.

Yau da safe ta yi sallama, ta jira na amsa, ta shigo. Ta ce makarantar za ta nuna bikin kai tsaye a waya, ta zo ta saita mini tawa don kada in sha wahala gobe. Ta nuna mini inda zan danna, ta maimaita sau biyu, ta ƙara girman rubutun saboda idanuna. Na ce na gode. Ta ce ba komai, Malam, ta miƙe za ta fita.

Na bi ta da kallo tun daga ɗankwali har zuwa takalmi, kamar yadda na saba duba kowane yaro da ya taɓa tsayawa a gabana. Ga natsuwa, ga ladabi, ga ƙoƙari, magana ɗaya ba ta wuce wurinta ba. Ita ce ɗalibar da na yi rayuwata ina nema. Ban sami kuskure ko ɗaya ba, sai na bar ta ta wuce, ta ja mini ƙofa a hankali.