Ƙafar Gola a Kan Birki

Shekara goma sha huɗu ƙanin matata ya yi yana tsaron raga, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Gola. Da gwiwarsa ta hagu ta ajiye aiki ba tare da ta shawarce shi ba, ya dawo gida da jakar safar hannu da muryar da ake ji daga wancan ƙarshen fili. Ya gwada sayar da takalman ƙwallo, sai ya riƙa korar masu saye, wai ƙafarsu ba ta cancanta ba. Daga nan na kai shi wurin abokina mai makarantar koyon tuƙi, na rantse mutum ne mai haƙuri. Allah ya yafe mini.

Motar koyo birki biyu gare ta, ɗaya na ɗalibi, ɗaya a gefen malami saboda ranar tsautsayi. A wurin Gola kullum ranar tsautsayi ce. Ɗalibi bai gama saka giya ba Gola ya hango akuya a ƙarshen layi, ya take birki, ya kama sitiyari yana ihu, "Bar min! Tawa ce!" Sannan ya juyo ya wanke ɗalibin tas, yadda ya saba yi wa 'yan bayansa in an bugo kwana a filin ƙwallo. Da yamma ya zo gidana yana lissafa wa yayarsa haɗari nawa ya tare yau.

Gaskiya ne, cikin wata huɗu ko ƙwarzane motar ba ta samu ba. Cikin wata huɗun kuma ba ɗalibi ɗaya da ya ci jarrabawar lasisi, don babu wanda ya taɓa sanin inda nasa birkin yake. Bakwai suka gudu. Mai makaranta ya kira shi ofis ya ce saura mutum ɗaya, in ita ma ta tafi, ya bi ta.

Mutum ɗayan ita ce Malama, tsohuwar shugabar firamare, wadda mijinta ya rasu ya bar mata mota a rumfa. Ranar za su koyi ribas tsakanin duro biyu a filin bayan ofis. Ta fara ja da baya kamar mai tsoron tada jariri, Gola ya take birki.

"Ɗan nan, me na buge?"

"Za ki buge, Malama. Na gani a idonki."

"Shekara talatin ina koyar da yara rubutu, ban taɓa ƙwace fensir na rubuta musu ba. Naɗe ƙafafun nan ka ɗora a kujera."

"Malama, gwiwata..."

"To sauka, in je in gaya wa maigidanka na gaji."

Ya leƙa tagar ofis. Mai makaranta na tsaye a wurin da kofin shayi. Gola ya naɗe ƙafafu, ya zauna a kan tafukan hannunsa, ƙato guda kamar wanda aka sa horo a gaban aji.

Motar ta ja baya. A madubi duron hagu yana matsowa, kuma duk wanda ya taɓa ganin mota ya san inda za a ƙare. Gumi ya keto wa Gola. Ya ƙara danne tafukansa a ƙarƙashinsa. Ƙarar da ta biyo baya ba ta da yawa, fitilar baya ce ta tarwatse, duron ya gangara har gindin katanga.

"Af," in ji Malama. "Ashe nan ne ake takawa." Ta sa giya ta gyara, ta sake gwadawa, ta shige tsakanin duron da ya rage da inda ɗayan yake a da. "Gobe ƙarfe tara, kuma ka zo da man zafin gwiwarka."

Mai makaranta ya bar shi a aiki. Da yamma yayarsa ta yi masa barka, ya ture kwanon abinci ya ce shi dai har ga Allah da an bar shi da ya tare.