Gilashin da Zai Ɗauki Ɗakin Iya

Talata: Malumfashi zuwa Funtua

Ƙarfe biyar da rabi na asuba maigidana, Baban Ummi, ya sauke ni a tasha da babur ɗinsa, gari bai waye ba. A jakata akwai kyamara, da kayan canji, da igiyar shanya. Shekara shida ina ɗaukar hoton mata a gidajen biki da suna da gilashi ɗaya tal, wanda ya zo da kyamarar. Makon jiya ya faɗi a wurin wata walima ya tsage. Ga shi ranar Alhamis akwai suna a Kafur, gidan Hajiya Turai, kuma na riga na karɓi aikin.

Aikin ba na tsakar gida ba ne. Mahaifiyar Hajiya, wadda kowa ke kira Iya, shekara biyu ba ta sauka daga gado ba, jaririyar kuma sunanta za a sa mata. Hoto ɗaya suke so a cikin ɗakin Iya: ita, da Hajiya, da maijego Maryam, da jaririya. Amma Hajiya ta kafa mini sharaɗi. Ta ce, "Binta, ki zo da dogon gilashin nan irin na 'yan Kano. Manyan mutane za su zo, kada a ga kamar mai hoton fasfo muka ɗauko." A wajenmu da tsawon gilashi ake auna mai hoto, ko da kuwa kawunan mutane yake yankewa. Na ari igiya na auna daga bangon ɗakin zuwa bakin gadon Iya, ƙafa bakwai, na ƙulla a nan.

A tasha Baban Ummi ya ce, "Ki dai sayo abin da suke so a zauna lafiya."

Na ce, "Abin da zai yi aikin zan sayo."

Bas ta cika shida da ashirin. Gab da Bakori muka tarar da shinge, wani jami'i ya leƙa jakata ya ce, "Hajiya 'yar jarida ce?" Na ce a'a, mai hoton suna ce. Ya ga igiyar, ya dube ni, ya ga tambayar za ta yi tsawo, ya ce mu tafi. Tafiyar kusan kilomita hamsin ce, muka shiga Funtua takwas saura.

Funtua

Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na jira Alhaji Lawal Mai Hoto ya buɗe shago ƙarfe tara. Dattijo ne, rabin masu hoton yankin nan a hannunsa suka koya, yana kuma sayar da kayan kyamara na hannu. Ban gama bayani ba ya jawo wani gilashi baƙi mai tsawon taɓarya ya ɗora a tebur.

"Saba'in zuwa ɗari uku. Kina shiga gida da wannan, za a ba ki kujera."

Ga wanda bai sani ba, lambobi biyu ake rubutawa a jikin gilashi mai zum, wato wanda ake murzawa hoto ya matso ko ya yi nisa. Ƙaramar ita ke nuna faɗin abin da zai kwasa, babbar kuma yadda zai jawo na nesa kusa. Wanda ya fara daga saba'in, na filin ƙwallo ne da hawan sallah. Na ɗaura shi, na ba Alhaji bakin igiya ya riƙe, na ja da baya zuwa ƙulli, na duba. Kunnensa na gani da rabin hula.

Na ce, "Alhaji, mutum huɗu zan ɗauka a wannan tazara."

Ya ce, "Ɗiyata, ba ki gane sana'a ba. Ki rataya wannan don idon mutane. In an shiga ɗaki ki ɗauka da wayarki, wa zai sani?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwa na kwance tana jiran hoton da wataƙila shi ne nata na ƙarshe, a ce in yi mata wasan kwaikwayo. Na ce, "Ni zan sani, Alhaji." Na kwance masa taɓaryarsa, na yi godiya kamar yadda ya kamata a yi wa babba, na nufi tashar Zariya.

Zariya

Mun tashi sha ɗaya da kwata a ƙaramar mota, mu huɗu a baya, da buhun barkono a but ɗin motar yana sa mu atishawa har Giwa. Direban ya ce barkonon ya biya kuɗin mota kamar kowa. Ɗaya saura muka sauka a Kwangila, na hau keke Napep zuwa Tudun Wada gidan yayata Asabe. Ta yi mini tuwon shinkafa miyar taushe, ta saurari labarina, sannan ta ce, "Ke dai tun kina yarinya ba a tanƙwara ki." Na ci gaba da cin tuwona.

Laraba: Sabon Gari

Tara da rabi na shiga layin masu kayan lantarki. Shago na farko suka ce dogo ake yayi. Na biyu suka ba ni wani ɗan ƙarami mai lamba hamsin, marar zum, hotonsa tas kamar ruwan rijiya, amma sai da ƙafa ake matsawa gaba da baya. A gidan suna, inda tabarmi da yara da kwanonin waina suka cika ƙasa, ina zan taka? Na ajiye.

A na uku na sami Malam Bitrus. Ina buɗe baki ya ce, "Wannan Hausar ta gida ce." Ashe mutumin wajen Kafur ne, iyayensa na can suna noma. Shi kaɗai ne bai yi wa igiyata dariya ba. Da na yi masa bayanin ɗakin Iya ya ce, "Na san irin ɗakunan. Taga ɗaya, ita ma an toshe da tsumma."

Ya fito da guda biyu. Ɗaya sha takwas zuwa ɗari biyu, mai yin komai, sai dai yana son rana. Ɗaya sha bakwai zuwa saba'in, gajere, bai wuce gwangwanin madara ba, amma bakinsa na buɗewa ya sha haske ko a wuri mai duhu. Na ce a gwada. Ya jawo benci, ya kira maƙwabtansa uku suka zauna tare da shi, aka kashe fitila aka sakaya ƙofa. Na tsaya a ƙulli. Na farkon ya kwashe su duka, amma fuskokin sun yi dishi-dishi. Na biyun ya kwashe su har da kalandar bango, ana ganin furfurar Malam Bitrus ɗaya-ɗaya. Na fita waje na murza shi zuwa saba'in, na ɗauki mai lemo a tsallaken titi, ta fito daga kai zuwa ƙugu. Iyakar nisan da nake buƙata ke nan, daga zaure zuwa ƙarshen tsakar gida.

Na haska cikinsa da tocilan waya don duba funfuna, na murza shi sau goma in ji ko yana cijewa. Lafiya lau. Muka yi ciniki, ya rage mini, ya ƙara da murfi. Ya ce, "Za su raina shi fa." Na ce su raina.

Alhamis: Danja zuwa Kafur

Shida da minti goma na bar Zariya ta hanyar Hunƙuyi, don ta fi kusa da Kafur. A Danja muka sauya mota, na sayi mazarƙwaila ta tsaraba. Tara da rabi ina ƙofar gidan suna, an riga an raɗa, an yanka rago.

Hajiya Turai ta dubi abin da ke rataye a wuyana ta taɓe baki. "Dama na san halinki. Shi ya sa na kira wani daga Kano." Ga shi nan kuwa, mutum mai fara'a, da gilashi har cibiya, mata sai kallonsa suke. Aka ce shi zai fara. Na ce bismilla, na sami turmi na zauna.

Aka jera su huɗun a gadon Iya, aka yi masa iso. Ya ɗaga kyamara, ya ja da baya, bango ya tare shi. Ya koma bakin ƙofa. Ya fita waje, yana ja yana ja, har wata mata ta ce, "Malam, tukunyar miya a bayanka." Daga can ƙofar ɗakin ta yanke masa maijego da Hajiya. Ya yi gumi, ya sauke, ya ce gaskiya sai dai a fito da tsohuwar tsakar gida.

Daga ciki Iya ta ce, "Ba inda za ni. A kira mini yarinyar nan mai igiya."

Na shiga, na jingina da bango, na murza zuwa sha bakwai. Duk suka shigo, har da carbin Iya a kan ƙusa. Na ɗauka sau uku, na kai mata. Idonta ya yi rauni, sai da na faɗaɗa mata fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan jaririyar, ta shafa fuskar kyamarar da yatsa.

Ta ce, "Ga ni ga takwarata. In ta yi wayo ku nuna mata, ku ce na riƙe ta. Yanzu ko gobe aka kira ni, na amsa."

Hajiya ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Da ta juyo ba ta dubi wuyana ba, ta ce, "Binta, manyan hotuna huɗu za ki wanko." Ni ma sai da na fita bayan ɗaki na share nawa.

Gida

Biyar saura kwata na sauka a Malumfashi, Baban Ummi na jirana a tasha. Ya dubi gilashin ya ce, "Wannan ɗan abin kika yi kwana biyu a kansa?" Na nuna masa hoton, ya duba, ya gyaɗa kai, ya tayar da babur.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Asabe, da Malam Bitrus da maƙwabtansa da suka zauna mini a duhu, da direbobi har mai barkono. Masu son dogo kuma ina yi musu fatan alheri, amma su sani har yanzu a ƙananan ɗakuna tsofaffinmu suke kwance, kuma can zan ci gaba da shiga.