Dambun Naman da Na Kai wa Mai Kulob

Yayata ce ta tayar da maganar, wata Lahadi bayan an tashi sujada, muna tsaye a Cheetham Hill, nan Manchester, muna jiran bas. Ta ce, "Wai ke, wata nawa ke nan da mutumin nan ya ɗauki ɗanki aiki? Kin je kin yi masa godiya?" Na ce ban je ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "To, madalla. Haka aka rene mu a Wusasa ko?" Yaya ta san inda za ta taɓa ni, kuma ta taɓa. Har na isa gida raina a ɓace, don na san gaskiya ta faɗa.

Ɗana na fari ɗan wasan ƙwallon kwando ne, ita ce sana'arsa. Wani ƙaramin kulob a nan Manchester ya ba shi kwantiragi, ya haɗa shi da 'yan wasa uku a wani flat, wato gidan haya, a Whalley Range. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Zauren matasan da ya koyi wasan a cikinsa an garƙame shi da kwaɗo, a gidan kula da tsofaffin da nake aiki kuma an rage mana awoyi, sa'anninsa da yawa sun gama uni, wato jami'a, suna zaune a gida. A irin wannan lokaci a ce ɗanki yana da aikin da yake so, har da wurin kwana? Ni dai a wurina mai kulob ɗin nan mutum ne da Allah ya turo mana.

Ban taɓa tambayar yaron nawa ake biyansa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu, ba na zama in tsare shi da tambayar aljihunsa, shi ma ba ya faɗa. Na dai lura duk Lahadi yana kwaso abokansa su zo cin tuwo, su share tukunya tas har ƙanzo, in ƙara musu a roba su tafi da shi. Na ɗauka girman jiki ne. Mutumin da sai ya sunkuya zai shiga kicin ɗina, ai ba a tambayarsa dalilin cin abinci.

Ranar Laraba na karɓi hutun safe. Kwana biyu na yi ina fama da dambun nama, na soya cincin, na sayi atamfa turmi guda don matarsa. Na ɗaura ɗankwalina na zuwa biki, na hau bas biyu zuwa ofishin kulob. Ban gaya wa yaron ba, don a wurinmu wannan ba maganarsa ba ce, tsakanin manya ce.

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman zauren atisaye. A bangon matakala hotunan 'yan wasa ne jere, kusan duk baƙaƙe irin ɗana. Da na shiga ofis kuwa, mutum huɗu na tarar, duk Turawa. Na gani, amma ban sa shi a raina ba, don haka abin yake a wurin aikina ma. Mai kulob dattijo ne mai jan fuska da fara'a. Na rusuna na gaishe shi, na ajiye kaya, na faɗa masa abin da kowace uwa take faɗa wa uban gidan ɗanta, cikin Turancina na kullum. Na ce ga ɗa nan na ba shi amana. In ya yi ba daidai ba ya tsawata masa. Duk abin da yake ba shi mun gani, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Sai idon mutumin ya kawo ruwa. Ya ce shekara da shekaru ba wanda ya taɓa hawowa benen nan don ya ce masa an gode. Ya ɗanɗana dambun ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Ya roƙi mu ɗauki hoto, na gyara ɗankwali na tsaya. Na dawo gida ina jin daɗi, har na kira Yaya na ce to, an sauke nauyi, sai ki nemi wani abin gori.

Washegari da la'asar yaron ya shigo ba sallama. Ya ajiye wayarsa a kan tebur, ga ni nan a hoto ina washe baki kusa da mai kulob, riƙe da robar cincin.

Ya ce, "Mum, me kika yi?" Da Turancinsa na 'yan Manchester ya faɗa.

Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kai! Ni kake shigo wa haka? Abin da ya kamata in yi tun tuni na yi. In kai an haife ka a nan ba ka san mutunci ba, ni na sani."

Ya ja kujera ya zauna, ya rufe fuska da hannuwa, sannan ya fara ba ni labari. Ashe albashinsu ya daɗe yana makara. Ashe kuɗin hayar flat ɗin da nake ta yi wa godiya, daga albashinsa ake cirewa. Kuma makon da ya wuce, kyaftin ɗinsu ya ce kowa ya kawo kwantiraginsa a baje a kan tebur, abin da aka sha gaya musu kada su yi. Da aka baje, sai ga abu a fili. Yaran unguwa baƙaƙe, waɗanda su ne ke cikin fili daga farko har ƙarshe, su ne a ƙasa. Wani farin yaro da ya zo daga uni, wanda yawanci a benci yake, ya fi ɗana albashi, kuma ba a cire masa haya. Shi kansa farin yaron bai sani ba sai ranar, har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Duk lokacin da ɗaya daga cikin baƙaƙen ya hau ofis neman ƙari, sai a tuna masa daga inda aka ɗauko shi, a ce ya kamata ya gode.

Sai suka yi alkawari: ba wanda zai sake hawa benen nan shi kaɗai. Ranar Asabar suna da wasa a Birmingham, in mai kulob bai zauna da su gaba ɗaya ba kafin nan, ba wanda zai shiga fili. Kwana biyu da yin alkawarin, sai ga uwar ɗaya daga cikinsu ta hau benen da kaya niƙi-niƙi. Mai kulob ya tura wa duk 'yan wasa hoton, ya rubuta cewa ga iyalin ɗan'uwanku sun zo sun ce duk abin da nake bayarwa sun gode.

Ya ce, "Sun ce ni na turo ki. Sun ce na nemi nawa ta bayan gida. Sun cire ni daga zauren hirarmu na waya, Mum. A flat ba mai yi mini magana."

Wayyo ni. Ni ma na zauna. Tuwon da suke sharewa, ashe yunwa ce, ni kuwa ina yi musu dariya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sannan haushi ya biyo baya, na kaina, da na Yaya, da na dattijon nan da ya ɗauki gaisuwata ya mayar da ita sanda. Na ce zan kira kyaftin ɗin. Yaron ya ce don Allah in bari haka, na yi abin da ya isa. Wannan maganar ta yi mini ciwo, amma na haɗiye.

Ban bari ba. Ranar Asabar na roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe mini aikina, na hau doguwar bas ta safe zuwa Birmingham. Hanya duka ina shirya magana ina rushewa. A wurinmu uwa ba ta tsayawa gaban jama'a ta kare ɗanta na fari, ko yabonsa ake yi kawar da kai take. Ban ma taɓa zuwa kallon wasansa ba tun da ya zama sana'a. Amma ni na ɓata, ba wanda zai gyara sai ni.

Na same su a wani dogon baranda a bayan zauren wasa, sun zauna a kan jakunkunansu da kayan gida a jikinsu. Ta bango ana jin kiɗa da hayaniyar 'yan kallo. Ɗana yana can ƙarshe shi kaɗai kusa da injin sayar da lemo. Da ya gan ni ya rufe ido.

Kyaftin ɗan Birmingham ne, kakanninsa daga Jamaika, ya sha cin tuwona. Ya miƙe ya ce, "Anti."

Na ce masa ya zauna, wuyana ba zai iya ɗaga kai haka ba. Wasu suka yi 'yar dariya. Na ce, "Ni na je, da ƙafata, shi bai sani ba. A garinmu in mutum ya ɗauki ɗanki aiki, kina zuwa da abin hannu ki gode. Ko birkila ne, ko gwamna, kalmomin ɗaya ne. Ban san nawa ake biyansa ba, ban san kuna rigima ba. Wauta na yi, kuma tawa ce. In fushi za ku yi, ga ni nan, ku yi da ni."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Anti, ta yaya za a ce ba ki san albashin ɗanki ba?"

Na ce, "Kai uwarka ta san naka?"

Ya sosa ƙeya. Wani daga gefe ya ce tasa in ta sani sai ta suma. Dariya ta ɗan ƙaru, amma ba wanda ya waiwayi ɗana.

Ana cikin haka sai ga mai kulob ya taho da sauri, fuskarsa ta ƙara ja, don alƙalan wasa suna jira. Da ya gan ni ya saki ajiyar zuciya, ya ce yawwa, in gaya wa yaran nan abin da na gaya masa.

Kai, nan fa raina ya tashi. Na ce, "Zan gaya musu. Na gode maka, kuma ban janye ba, don ka ɗauke shi lokacin da ba aiki. Amma godiyar tawa ce, ba ka da ikon biyan albashi da ita. Ni ma inda nake aiki, mu baƙaƙe muke ɗaga tsofaffi muna wanke su, na san wa ke zaune a ofis, na san wa ake cewa ya gode. Na kawo maka dambu don mutunci, ka ɗauki hotona ka raba ɗana da 'yan'uwansa. Wannan bai dace da furfurarka ba."

Ɗankwalina ya karkace ban gyara ba. Dattijon ya fara cewa kuɗin hayar zaure ya tashi, masu tallafi sun janye, shi ma gidansa ya jinginar. Na yarda da shi, wallahi ba ƙarya yake ba. Sai farin yaron nan ya tashi daga kan jakarsa ya ce duk wannan gaskiya ne, amma bai bayyana dalilin da ya sa shi ba a cire masa haya ba. Ya koma ya zauna, kunnuwansa jajir.

Mai kulob ya dubi agogo, ya dube ni, ya buɗe wani ɗan ɗaki ya ce su shigo duka. Suka shiga, ɗana a ƙarshe. Ni na zauna a kan jakar wani ina addu'a. Da suka fito akwai takarda a hannun kyaftin. Ba a gyara komai da komai ranar ba, maganar daidaita albashi ta ja su har ƙarshen kakar wasa, sai da suka nemo lauya. Amma an daina cire haya daga ranar, an kuma rubuta cewa za a baje ma'aunin albashi kowa ya gani. Suka ruga canza kaya, ba wanda ya ce wa ɗana uffan, ni kuwa abin da ya kawo ni ke nan.

Wata mata ta nuna mini kujera can sama. Ban san dokokin wasan ba, ɗana kawai nake bi da ido. Aka busa usur, ƙwallo ta zo hannun kyaftin. Akwai mutum biyu kusa da shi da hannuwa a sama, amma ya cilla ta can kusurwa, wurin ɗana. Yaron ya tashi ya jefa. Ta bugi bakin ƙarfen kwandon ta faɗo waje, 'yan Birmingham suka yi ihun murna, ni kuwa na dafe ƙirji na ce shi ke nan.

Suka ruga can, suka dawo. Ƙwallo ta sake zuwa hannun kyaftin. Ko waiwaya bai yi ba, ya sake cilla wa ɗana.