Kifi a Farantin Direba

Shagon Inna Mai Keke ɗan ƙarami ne a jikin gidansu, ƙofarsa na kallon titi. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune bayan keken ɗinkinta, tana rage wa mutane wando, tana ƙara wa yara tsawon riga. Jiki kuwa ya yi ta taruwa a hankali kamar tulin ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburinta, ba wanda zai ce ga ranar da ya yi yawa. Gwiwoyi suka fara ƙara, daga baya suka ƙi lanƙwasuwa. Shekara tara rabon goshinta da ƙasa. A kan kujera take salla, tana nuni da kai. Malamai sun ce mata ladanta cikakke ne, ta kuma yarda da su, amma takan yi mafarkin ta yi sujada a wani fili mai sanyi, ta farka tana shafa goshi.

Don wannan ta yarda aka yi mata aikin rage tumbi. Maƙwabta suka ce Inna na neman komawa budurwa ne. Ta yi murmushi, ba ta gyara musu zance ba.

Ranar sallama daga asibiti, nas ta zaunar da ita tare da mijinta, wani tsohon direban babbar mota da kowa ke kira Direba, da 'yarsu Auta. Ta ce tumbin yanzu bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Ruwa lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi-kurɓi, ba kwankwaɗa, kuma a raba shi da lokacin cin abinci da rabin awa. In ta kai ga taunawa, ta fara da abin da ke gina jiki, kifi ko ƙwai ko kaza ko wake, don in shinkafa ta riga shiga to ta tare wurin. Auta ta rubuta komai, ta manna a jikin firij.

Wata biyu, kaya suka fara yi wa Inna yawa, ta rage su da hannunta. Sai dai wani irin sanyin jiki ya sauko mata. Gashi na bin mataji. Gorar ruwan da Auta ke ajiye mata a shago takan wuni a cike, don in ƙafa ta hau keke Inna ba ta tuna komai. Da rana ta take, sai ƙarar keken ta yi nisa kamar daga gidan wasu take fitowa. Shuɗin yadin da ke gudu ƙarƙashin allura ya zama rafi, ta ga kanta yarinya tana tsallaka shi da ƙafafu marasa nauyi, mahaifiyarta a can ƙetare tana shanya. Takan daɗe a can. Ranar nan sai da mai karɓar ɗinki ta taɓa kafaɗarta, ta farfaɗo ta ji kumatunta a kan ƙarfen keken.

Suka koma asibiti su uku. Nas ta duba harshenta, ta matsa cinyarta, sannan ta ce ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa ba. Inna ta yunƙura sau biyu ta koma.

“Inna, nauyi ya sauka daga gwiwa,” in ji nas. “Amma naman cinyar da zai kai ki ƙasa ya ɗago ki, shi jikinki yake cinyewa saboda yunwa. In aka ci gaba a haka, kujerar nan ba za ta sake ki ba.”

Auta ta rantse kullum sai ta dafa kifi ko kaza, ta zuba wa Inna rabonta, kuma faranti ba ya dawowa da komai. Nas ba ta yi musu ba. Ta juya ta kalli Direba, wanda maɓallin rigarsa na tsakiya yake neman ceto, ta tambaye shi ko shi ma a ɗora shi a sikeli. Ya yi dariya ya ce ai kwanan nan girkin Auta albarka gare shi, kifi har biyu yake tararwa a farantinsa. Bai gama rufe baki ba dariyar ta tsaya.

Inna ta sunkuyar da kai. Tun ranar da ta tare a gidansa, ba ta taɓa zama cin abinci ba sai ta ɗauke tsoka mafi kyau ta tura gefensa, sa'ad da ya juya wanke hannu. Haka ta ga mahaifiyarta na yi. Inna ta ce ba da niyya ba ne, hannun ne ke tafiya da kansa, ita kuma sai ta ci cokali biyu na shinkafa ta ji ta ƙoshi.

Suka dawo gida. Da aka kawo abincin rana, Direba ya wanke hannu, ya ɗauki farantinsa tun ba a zuba masa ba, ya kife a kan tabarma.

“Malam, mene ne haka?” in ji Inna.

“Shekara talatin da shida ina cin rabonki, ina cewa Allah ne ya hore. Bismilla, fara. Ina nan.”

Ta ce kunya ba za ta bar ta ta ci yana kallo ba. Ya ce to zai kalli bango, ai ya saba kallon hanya awa goma ba gajiya. Ya juya mata baya kuwa. Ta gutsiri kifin, ta tauna a hankali har ya narke. Sau ɗaya hannunta ya ɗaga ya nufi gefensa, ya tarar ba inda zai sauke, ya dawo.

Maganar ruwa kuma ita ta samo dabararta. Ta ɗaure gorar da ƙyalle a jikin almakashi, duk sa'ad da za ta yanke zare sai ta kurɓa. Mai ɗinki kuwa ba ta ƙirga yankan zare a yini.

Sai da aka yi wata huɗu. Wata La'asar Auta ta shimfiɗa mata darduma, ta jawo kujera kamar kullum, Inna ta ce ta ɗan matsar da ita gefe. Ta yi kabbara, ta yi ruku'u, ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗaya. Dardumar na ƙamshin sabulu da ɗumin rana. Ta ji ƙasa ta tare ta a goshi, da ɗan tauri, ta yi tasbihi uku, ta ƙara uku, ta rasa adadi. Auta ta matso a tsorace tana shirin ɗago ta.

Direba, daga bakin ƙofa, ya ɗaga wa Auta hannu.

“Ƙyale ta,” ya ce a hankali. “Za ta taso da kanta.”