Katin da ya dawo daga Yamai

Shekarar da na gama lise, wato babbar sakandare, na nemi shiga makarantar ungozoma a Yamai. Takarduna duka na haɗa cikin ambulan guda, har da ta haihuwa wadda ba ni da irinta biyu. Baba ya ce shi zai raka ni gidan waya a Filinge ranar kasuwa. Muka bar ƙauye a amalanke, shi da buhun wakensa, ni da ambulan cikin mayafi.

Da ma'aikacin ya miƙo hannu, Baba ya dafe ambulan ɗin a kan kanta.

"Malam, mi za shi nuna muna ta kai?"

Mutumin ya ce akwai rakomande. Za a liƙa mata wani ɗan kati, wanda ya karɓa can ya sa hannu, katin ya dawo mana. Baba ya sa ya maimaita, sannan ya saki.

Daga nan kowace kasuwa sai ya biya gidan waya kafin ya sauke kaya. Har ma'aikacin ya saba, yana hango hularsa sai ya girgiza kai. Baba ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya wuce.

Ranar da katin ya zo ina sussuka a tsakar gida. Tun daga ƙofa yake kira, "Ɗiyata! Ɗiyata, sun amsa!" Ya cire hula ya zaro katin, ya jiƙe da gumi a gefe. Inna ta fara guɗa. Na duba, hatimi ne da wani sa hannu kamar tafiyar kaza. Na ɗago na dube shi.

"Baba, ba ɗauka ta suka yi ba. Cewa suka yi takardun sun isa."

Ya sake duban katin. Can ya ce, "To, ai wani ya riƙa sunanki da hannunai a Yamai. Bari uwarki ta ƙare guɗarta."

A shekarar ba su ɗauke ni ba, suka maido mini takarduna. Na yi kuka a bayan rumbu. Da damina ta wuce Baba ya ce in sake haɗa takardu, muka koma. Wannan karon aka ɗauke ni, ya raka ni tasha da ƙullin ƙuli-ƙuli, yana ta jaddada wa direba inda zai sauke ni.